Gidan Rediyon Makaranta

Wani ɗalibi ya aiko mini da takarda yana tambaya, wai me ake bukata in ana so a kafa ƙaramin gidan rediyo a cikin jami'a. To, ga amsa gwargwadon fili.

Da fari sai izini. Tun 1992 aka kafa hukumar NBC a Nijeriya, ita ke ba da lasisi, kuma ita ke yanka wa kowace tasha zangonta tsakanin 87.5 da 108 a kan FM, don kada wani ya hau muryar wani. Jami'ar Legas ce ta fara samu, tana kan 103.1. Ta Bayero a Kano tana kan 98.9.

Sa'an nan sai dogon ƙarfe. Muryar FM miƙe take tafiya kamar hasken fitila, tudu yana tare ta. Saboda haka tsawon ƙarfen ya fi ƙarfin injin muhimmanci. In an ɗora eriya bisa ƙafa 100, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano, iyakar inda za ta hango wajen mil 14 ne. Lalle kuma a binne wayar tagulla daga ƙarfen zuwa cikin ƙasa, gama tsawa ɗaya ta damina ta isa ta ƙone kayan duka. Ƙaramin injin ba ya cin wuta da yawa, faifan hasken rana da batura sun riƙe shi. Na'urar sanyaya ɗaki ce mai haɗama, ita ce kuwa manya suka fi son saye.

Amma abin da ya fi damuna shi ne harshe. Mil 14 ɗin nan ba ɗalibai kaɗai ke ciki ba. A Samaru ta Zariya masana sun fitar da irin masara da na wake, watau SAMMAZ da SAMPEA, ga manoma kuwa a bayan katanga. In tasha ta wuni tana Turanci da kiɗan ƙetare, mai garma zai murɗa akwatinsa ya koma wata. Ni a ganina a ware sa'a guda bayan magariba, lokacin da aka dawo daga gona, malamin gona ya zauna ya yi bayani da Hausa, a bar mutane su bugo waya su yi masa gardama. A kuma sa albashin injiniya ɗaya cikin kasafin kowace shekara, domin ɗalibai suna gamawa su tafi, injin kuwa yana nan yana son mai duba shi.

Wassalam, sai mako mai zuwa.