Agwagin Anka da Kallon Tsuntsaye

Ana yawan ɗaukar kallon tsuntsaye a matsayin shaƙatawar Turawa masu kafa tanti a gandun daji lokacin bazara. Wannan fahimta ta gaza. Manomin Gummi da ke dakon isowar shamuwa kafin ya fito da iri, ai kallon tsuntsaye yake yi, kuma abincin shekararsa ya rataya a kan abin da ya gani.

A 2010, kafin gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, agwagi ne suka fara mutuwa, domin suna kiwo inda ake niƙa duwatsun zinariya. Mutane sun gani, amma ba a fassara alamar ba sai bayan an yi rashi.

Saboda haka bai kamata sassan Hausa su bar sunaye kamar gauraka, burtu da carki a ƙamusun Bargery na 1934 kawai ba. A tambayi dattawan bakin gulbin Zamfara wanne ya daina zuwa, kuma tun yaushe. Rashin tsaro ya hana kwana a daji, amma da yawansu suna gudun hijira a garuruwa, ana iya samun su.