Ɗan Kurni, ina za ka kwana in ka shiga Kano?



Kaka ta yi, an sayar da wake da gyaɗa, rake ma ya fara fita. Motocin Matamaye sun soma cika da samari masu ƙetare Ɗan Barto, su bi ta Daura su sauka Kano, kwana biyu ko uku, a saro kaya a dawo. Wannan tun kakanni ake yin sa. Abin da ya dame mu shi ne saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp, yaro na koya wa yaro inda zai sauka: otal kaza a Sabon Gari, ɗaki da arha, gidan abinci a ƙasa, gidan kallon ƙwallo a gefe, shagon buga tikitin caca a bakin ƙofa. Wai komai wuri ɗaya, ba wahala. To wannan "sauƙin" muke faɗa da shi yau.

Ku tambayi tsofaffin fatakenmu yadda suke sauka. Kowa da mai masaukinsa, galibi a Fagge, unguwar baƙi tun da can, ga Kantin Kwari a kusa. Kana isa ka damƙa masa kuɗinka ya ajiye, a kawo maka tuwo daga cikin gida, da safe ya haɗa ka da dillali. In ka yi dare a waje sai ya tambaye ka daga ina. In rigima ta same ka, shi zai tsaya maka. Samari suna cewa wannan takura ce. E, takura ce, kuma ita ce ta riƙa dawo da jarin mutane gida.

Otal kuwa ina ruwansa? Ka biya ɗaki, an ba ka makulli, shi ke nan.

Kuma akwai wata yaudara da ke farawa tun wurin canji. Takarda ɗaya ta jikka goma, a ƴan shekarun nan, tana komawa takardun naira dubu-dubu fiye da ashirin. Yaron da bai taɓa riƙe damin kuɗi ba sai ya ji aljihu ya yi nauyi, ya ɗauka ya zama alhaji. Ya zauna cin shinkafa da kaza, talabijin na nuna wasa, na kusa da shi na kuri wai jiya wani ya ci rabin miliyan da naira ɗari biyar. Me zai hana ya gwada ɗaya?

Mu yi lissafin da ba a yi masa a teburin nan. Tikitin da ke alkawarin kuɗi mai yawa shi ne mai wasanni da yawa, kuma dole duka su fito daidai. Ko da kowane wasa canki-canka ne tsakanin abu biyu, damar ka dace da goma a jere ɗaya ce cikin 1,024. Ƙwallo kuma ba abu biyu ba ce, akwai kunnen doki. Shi ya sa kullum labarin ɗaya ne: "wasa ɗaya ne ya yanke ni." Ai haka aka gina abin, don gobe ka dawo da kuɗin atamfar da matar yayanka ta ba ka sautu.

Ga kuma hukuma. A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce wannan hurumin jihohi ne, Hisbar Kano kuma ta ce za ta ci gaba da rufe shagunan. In samame ya rutsa da kai, kai baƙo mai katin Nijar, wa za ka kira? Mai otal?

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce caca tana cikin wayar kowa, kuma a ƙasarmu ma ga LONANI da rumfunan PMU, ana zuba kuɗi a kan dawakin da ke gudu a Faransa. Gaskiya ne, wannan ma maganarsa na nan tafe. Amma a Matamaye in ka tsaya a rumfar, kafin la'asar kawunka ya ji. A ɗakin otal ba mai ganin ka, kuma ranar ce duk jarin shekara ke jikinka.

Kada a fahimce mu baibai. Sabon Gari cike take da masu neman halak, babbar kasuwa ce, kuma ba kowane otal ne ramin caca ba. Wanda ba shi da mai masauki ya kama ɗaki, ba laifi. Sai dai ya kama kusa da inda zai yi sayayya, Kwari ko Singa, ya ji kuɗin kwana kafin ya ajiye jaka, ya ci gurasarsa ko masa wurin masu abincin bakin kasuwa inda ƴan kasuwa ke ci. Ya fara biyan kaya ya ɗaure, abin da ya rage sannan ya san nasa ne.

Ku kuma iyaye da masu ba da sautu, kun iya ƙirga kuɗi sau uku kafin ku miƙa, amma ba ku tambayar inda yaron zai kwana. Ku tambaya tun bai hau mota ba: gidan wa, wace unguwa? Ya ba ku lambar mai gidan, ku kira da magariba ku ji ko ya iso.