Agogon Mai Albashi

Wani malamin makaranta na Farfaru, can ƙasar Jibiya kusa da iyakarmu da Nijar, ya nemi shawararmu a kan sayen agogon hannu irin wanda ba ya aiki da batir. Ya ce wani ɗan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi ya nuna masa guda biyu, Seiko 5 da Rolex, ya kuma yarda ya ba shi na biyun bashi, ya riƙa biya wata-wata. Tun da yake mun san ba shi kaɗai ne cikin malamai da akawuna ke da wannan wasuwasi ba, mun ga ya kyautu mu amsa a fili.

Da farko mu ba kowanne hakkinsa. Rolex na ƙasar Suwizalan ne. A 1926 kamfanin ya fito da gidan agogo wanda ruwa da ƙura ba sa shiga, a 1931 kuma ya ƙara masa wani ɗan ƙarfe mai nauyi a ciki, wanda ke juyawa da motsin hannu yana yi wa agogon wani. Seiko 5 kuwa na Japan ne, ya fito a 1963, shi ma motsin hannu ne abincinsa, yana kuma nuna rana da kwanan wata. Watau dabarar ɗaya ce. Inda suka rabu shi ne wajen kyan aiki. Zuciyar Rolex na bugawa sau 8 a sakan, ta Seiko 5 sau 6. Tun 2015 Rolex ke alkawarin kuskurensa ba zai wuce sakan 2 a yini ba, minti ɗaya ke nan a wata. Seiko 5 in ya yi gudu da sakan 20 a yini ba a ce ya lalace ba, a mako ya tara minti biyu da 'yan kai. In an tuɓe sabon Rolex an ajiye, yakan yi wajen awa 70 bai tsaya ba, Seiko kuwa wajen awa 40.

Saboda haka wanda ya ce duk agogo agogo ne bai faɗi gaskiya ba. Rolex ya fi, nesa ba kusa ba. Amma fa kuɗin Rolex ɗaya na gaske ya sayi Seiko 5 ashirin, har da saura. To, me malami zai samu bisa wannan ninki? Minti biyu a mako, waɗanda zai iya gyarawa da yatsa biyu kowace Jumma'a in ya ji labaru a rediyo. Ba mu taɓa jin an makara shiga aji ko buɗe ofis saboda sakan 20 ba. Masu makara, mun san su, da agogonsu mai kyau a hannu suke makara.

Abin da ya fi damunmu ma shi ne gyara. Agogon ƙarfe yana da mai a cikinsa, man yakan bushe, balle a ƙasa irin tamu mai zafin bazara da ƙurar hunturu. Seiko 5 in ya tsaya, mai gyaran agogo a kasuwar Katsina ko Kano ya san cikinsa, kayansa kuma ba su da wuyar samu, in ta ɓaci a cire injin dungum a sa wani. Rolex kuwa ba kowa ke da abin buɗe bayansa ba, kuɗin wanke shi sau ɗaya a wurin masu shi ya fi kuɗin sabon Seiko. Mai albashi da ya ci bashi ya saya, ashe bai gama biya ba ranar da ya gama biya.

Duk wannan in Rolex ɗin na gaske ne. Mu kam muna shakka ƙwarai. Agogon da attajirai ke rubuta suna su jira shi a kantunan Turai, yaya aka yi ya zo Farfaru cikin aljihu yana neman mai saye bashi? Jabunsa ya cika duniya. A da ana gane jabu da tsinken sakan, na batir yana tsalle ɗaya-ɗaya, na ƙarfe yana tafiya sumul. Yanzu masu jabu sun koyi sa injin ƙarfe mai araha a ciki, sai gwani ya buɗe baya kafin a sani. Kada kuma malam ya saki jiki da Seiko ɗin, shi ma ana yin jabunsa, ana kuma haɗa tsohon inji da sabuwar fuska a sayar a kan sabo.

Shawararmu ga malam ita ce ya sayi Seiko 5, kuɗi hannu, amma ya ce wa ɗan kasuwan ya bar masa shi kwana uku tukuna. Ya daidaita shi da rediyo ran farko, ya ɗaura shi yini, ya tuɓe da dare, ran na uku ya duba nawa ya yi gudu ko ya yi baya. In ɗan kasuwa ya ƙi yarda da kwana ukun, malam ya mai da masa abinsa.