Gigin Tsufa Ciwo Ne, Ba Maita Ba

'Yan'uwa Musulmi, a ƙauyukanmu na ƙasar Tsanyawa idan tsohuwa ta soma manta sunayen jikokinta, ko ta fita da dare ta kasa gane hanyar gida, sai wasu su jingina mata maita. Wannan ƙazafi ne. Ciwo ne mai cin ƙwaƙwalwa, galibinsa wanda likitoci ke kira Alzaima.

A 2023 Amurka ta amince da maganin lecanemab, mai rage saurin ciwon a farkonsa. Ba ya warkarwa, tsadarsa kuma ta fi ƙarfin manomi. Abin da ya fi amfanarmu shi ne rahoton masanan mujallar Lancet na 2024, cewa kusan kashi 45 cikin ɗari ana iya kauce masa ko jinkirta shi, ta hanyoyi irin su kula da hawan jini, ciwon sukari, da raunin ji da gani.

A shari'a kuwa, wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Kada mu tilasta masa azumi. Kada magada su sa shi dangwala hannu a takardar sayar da gona, domin cinikin bai inganta ba. Mu kai shi likita ya duba, ko da Asibitin Malam Aminu Kano ne.