Gansakukar da ke jikin ganuwa ma tana da suna

Duk wanda ya ratsa ta gefen tsohuwar ganuwar Katsina a watan Agusta zai ga wani koren lulluɓi a inda ruwa ke kwanciya, irin wanda ake gani a bakin rijiya da gindin randa. Gansakuka muke ce masa. Haka muke kiran yauƙin da ke kan kududdufi, alhali masana tsirrai sun raba su nesa da juna. Ta jikin bango tsiro ce mai ƙananan ganye, ba ta fure, ba ta da jijiyar zuƙo ruwa irin ta gero, kuma nau'o'inta a duniya sun kai dubu 12.

Ana ƙirga sunayenta na ilimi ne daga littafin Bajamushe Johannes Hedwig na 1801. Namu na wannan yanki kuwa sun biyo jirgin 'yan leƙen ƙasa. Charles Barter, wanda ya zo tare da ayarin Baikie a kogin Kwara, ya tattara tsirrai har ya rasu a Rabba ta ƙasar Nupe a 1859. William Mitten ya raɗa wa wasu daga cikin gansakukar da ya aika sunaye a Ingila a 1860. Bayan rasuwar Mitten, lambun tsirrai na New York ya sayi taskarsa.

A nan matsalar ta samo asali. Masanan wancan ƙarni, musamman Carl Müller na Jamus, sun ɗauka cewa tsiron da aka samo a wata nahiya dole ya bambanta da na wata. Ga shi gansakuka tana sauya kama: wadda ta tashi a inuwa mai laima ganyenta kan fi tsayi, wadda rana ta gasa kan takure. Sai tsiro guda ya tashi da sunaye barkatai, gwargwadon inda aka tsinko shi. Aikin masu bita a yau shi ne su ɗauko busasshen samfurin da aka raɗa kowane suna a kansa, su sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, su gwada, sannan su bar suna mafi daɗewa. Aiki ne mai cin ido da shekaru, kuma bama-baman da suka ƙone taskar tsirrai ta Balin a 1943 sun tafi da yawancin samfuran Müller, sai dai a nemi kwafinsu a wasu taskoki.

Na ji ana cewa wannan duk wasan Turawa ne da kalmomin Latin. Ban yarda ba. Idan ɗalibi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rubuta sunan da aka soke tun tuni, ba zai tarar da abin da aka gano game da tsiron nan a Indiya ko Barazil ba, domin can da wani suna aka san shi. Kuma ƙasar da ta lissafa tsiro ɗaya sau uku ba za ta gane ranar da ya ɓace ba. Ko taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Madrid a 2024 sai da ya kaɗa ƙuri'a kan sunaye, ya cire wata kalmar cin mutuncin baƙar fata daga jikin fiye da 200.

Abin da na fi so in gani bai kai wannan girma ba. Malaman sashen nazarin halittu a Katsina da Dutsin-Ma su riƙa fita da ɗalibai cikin damina, kafin iskar hunturu ta busar da komai, su kankaro abin da ke jikin duwatsu da tsofaffin katangu da kututturan itatuwa. A sa kowanne a ambulan takarda, a rubuta wuri da rana da sunan da mutanen wurin ke kiransa, a ajiye kwafi ɗaya a gida kafin a aika wani taskar tsirrai ta Ibadan. Busasshiyar gansakuka ba ta neman firiji ko lantarki, kabad mara laima ya ishe ta shekara ɗari.