Filin Mata: Kafin Ki Rushe Bangon Madafa



Makon jiya na je Bodinga gai da wata yayata, wadda maigidanta ya gaji tsohon gidan mahaifinsa. Na tarar sun kira magini, wai a rushe bangon da ke tsakanin falo da madafa, su zama ɗaki guda, kamar yadda ta gani a wani gidan bene a Sakkwato. Magini ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya ce, "Uwargida, wannan bango shi ke ɗauke da azara. In ya faɗi, soro ya bi shi."

To, 'yar'uwa, ko da bangonki ba ya ɗauke da kome, ki yi tunani. Wannan tsari na masu girki da gas ko lantarki ne, masu na'urar zuƙe hayaƙi bisa murhu. Mu kuwa yawancinmu da itace da gawayi muke girki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya halaka mutum wajen miliyan 3.2, fiye da 237,000 daga cikinsu yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Ashe za ki kai wannan hayaƙi inda goyonki ke barci? Ga warin daddawa ya kama labule, ga baƙon maigida na kallonki kina tuƙin tuwo!

Daga Bodinga na wuce Shagari, wurin wata ƙawata. Ita ba ta rushe kome ba. Ta sa an fasa tagogi 2 masu kallon juna, can sama kusa da rufi. An gina murhu bisa dakali daidai ƙugu, da bututun hayaƙi. An daɓe ƙasa da siminti, an fid da rariya. Ƙofar da ke duban tsakar gida kuwa rabi aka yi ta: tana ganin yara, mai rarrafe ba ya isa wuta.

Saboda haka, in za ki gyara tsohon gida, ki tambayi magini abu 3: me bangon ke ɗauke da shi, ta ina hayaƙi zai fita, ina ruwan wanke-wanke zai bi. Ku 'yan makaranta, ku zana madafar gidanku a littafi, ku nuna wa iyayenku mata inda ya kamata a fasa taga. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Haza wassalam, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.