AN RUFE SHAGO, CACA TA KOMA ALJIHU

Tun da Hisbah ta Kano ta fara rufe shagunan cacar ƙwallo a watan Oktoba na 2024, inda ta garƙame kimanin guda 30 a rana ta farko, jama'a da dama a birnin Katsina suka yi ta hamdala, wasu har suna cewa an kusa ganin bayan wannan annoba. Hamdala kam ta dace. Amma duk wanda ya ɗauka cewa kwaɗo a ƙofar shago shi ne ƙarshen caca, to, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Caca ta bar shago ta koma aljihu. Yau matashi yana kwance a zauren ubansa a Ƙofar Sauri ko Sabuwar Unguwa, da wayarsa da asusunsa na OPay, yana buga abin da a da sai ya saci jiki ya je bayan tasha.

Wanda yake son ganin inda wannan hanya ta nufa, sai ya dubi Amurka. A 1992 gwamnatinsu ta yi dokar da ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni. 'Yan caca ba su tuba ba, sai suka koma wajen kamfanonin intanet da suka kafa sansani a ƙananan ƙasashe irin su Antigua da Kosta Rika, inda hannun hukuma ba ya kaiwa. A 2006 aka hana a biya waɗannan kamfanoni ta hanyar banki, a 2011 kuma aka ƙwace shafukan manyan kamfanonin karta. Kasuwar 'yan ƙetare ta ja baya, wasu suka ce alhamdu lillahi.

Ashe ba tuba aka yi ba, kishi ne. Abin da ya dami mahukuntan ba halakar 'ya'yansu ba ne, kuɗin da ke zurarewa waje ba tare da an ba su kasonsu ba ne. A watan Mayu na 2018 Kotun Ƙolinsu ta soke dokar 1992, jihohi sama da 30 suka halatta caca, kamfanoni irin su FanDuel da DraftKings suka shige wayar kowane matashi da lasisi a hannu. A 2023 kaɗai Amurkawa sun zuba sama da dala biliyan 100 a cacar wasanni ta halak ɗin gwamnati. Jihar New York tana karɓar kashi 51 cikin ɗari na ribar kamfanonin. Wato ɓarawon waje aka kora, aka naɗa wa na gida rawani.

Wannan labari ya shafi Katsina kai tsaye. A ranar 22 ga Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, a ƙarar da jihar Legas ta shigar, ta ce sha'anin caca hurumin jihohi ne. Ma'ana, uzurin da ake fakewa da shi a da, wai lasisi daga Abuja yake, ya faɗi warwas. Yanzu kowace jiha hanya biyu ce a gabanta: ko ta haramta, ko ta zauna a raba ganima da ita kamar yadda Legas ke yi. Jihar da ta shelanta Shari'a tun shekarar 2000 ba ta da hujjar ko kallon hanya ta biyu, komai daɗin bakin masu wa'azin kuɗin shiga. Gwamnatin da ta ɗanɗana harajin caca ba ta ƙara yaƙi da caca, don kura ba ta gadin akuya.

Shi kuwa ɗan'uwa matashi da ke cewa ai wannan ba caca ba ce, ilmin ƙwallo ne, sai ya ɗauki alƙalami. Idan ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu ɗaya, kamfani ya ba kowace 1.90, mutum biyu suka sa naira 1,000 kowanne, ɗaya nan ɗaya can, kamfani ya karɓi 2,000 ya biya 1,900. Ko wa ya ci, ɗari ta shige masa. Idan kuwa aka jera wasa 10 a tikiti ɗaya, kowane wasa rabi da rabi ne, to damar cin tikitin sau 1 ce cikin 1,024. Wannan ne sirrin kukan nan na kullum a gidajen kallo, wai "wasa ɗaya ne ya yanke mini". Ba rashin sa'a ba ne, haka aka gina tarkon. Mai Bet9ja da mai SportyBet ba caca suke yi ba, lissafi suke yi. Mai cacar shi ne ɗan talakan da ke zuba musu.

Kuma wane kuɗi ake zubawa? Balas ɗin mai Keke Napep ne, da jarin mai POS, da kuɗin rajistar ɗalibin jami'a da uwa ta sayar da tunkiya ta tura. A jihar da 'yan bindiga suka raba dubban manoma da gonakinsu, ake tatsar abin da ya rage ana turawa Legas da ƙasashen waje. Bayan asara sai bashi, bayan bashi sai ƙarya, bayan ƙarya sai hannu ya kai ga kayan ɗakin uwa. Ko Ingila, mai ƙwallon da ake mutuwa a kai, ƙungiyoyin Firimiya sun amince a 2023 su cire tallan caca daga ƙirjin rigunansu. Mai daki ya ji warin kayansa, baƙo yana cewa turare ne!

Hukuncin Allah a kan wannan ba ɓoyayye ba ne. A Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, an jera caca tare da giya da gumaka, aka kuma bayyana cewa tana haddasa gaba tana shagaltarwa daga salla. Canja mata suna zuwa "bet" bai canja komai ba, kamar yadda zuba giya a kwalbar lemo ba ya mayar da ita lemo. Wanda ke sahu zuciyarsa na Madrid tana jiran ƙwallo ta biyu, shi ya fi kowa sanin gaskiyar ayar.

Saboda haka aiki uku ne ya rage. Majalisar Dokokin Jihar Katsina ta fito fili ta toshe duk wata ƙofar lasisi ko harajin caca, ta shago da ta waya. Malamai da limaman Juma'a su kira abin da sunan da matasa suka sani, su daina tsayawa kan karta da ludo. Na ukun, wanda ya fi nauyi, yana wuyan matashin da kansa, domin babu ɗan Hisbar da zai shiga aljihun mutum ƙarfe biyun dare. Ya goge manhajar yau, kafin wasannin Asabar. Ya fita daga zaurukan WhatsApp da Telegram na masu sayar da "tabbataccen wasa", waɗanda da suna da tabbas da ba su nemi ɗari biyar ɗinsa ba. Wanda ya san abokinsa ya faɗa, ya riƙe hannunsa cikin sirri, ba tare da tozartawa ba, ya taya shi neman sana'a da hanyar biyan bashi.

Allah Ya tsare matasan Musulmi daga cin haram, Ya sanya albarka a guminsu. Wassalam.